Fulawil ɗin Jirgin Abu Nayif

Kakana Usta Garba kharraɗ ne. A Jidda haka ake kiran mai aiki da makharaɗa, injin nan da ke riƙe ƙarfe yana juya shi, mai aiki yana fere shi da wuƙa har ya kai awon da ake so. A unguwar Hindawiyya warsharsa, wato shagon aikinsa, take kafin a rushe layin. Da aka rushe, aka ɗauko injin da winci aka sauke a tsakar gidanmu a Madain Fahd, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Umma takan rufe shi da tsohon bargo. Kaka yakan yaye bargon, ya ce ba gawa ba ce.

A kan matakalar da ke fuskantar injin nake aikin makaranta bayan la'asar, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Wata Laraba Yaya Yasir ya shigo da abokinsa Mu'utaz, ɗan Hausawan Sudan ɗin nan da ke sayar da kayan waya a Sharafiyya. Su biyu suka kinkimo wani faifan ƙarfe baƙi mai haƙora a bakinsa, suka dire a gaban Kaka. Fulawil ne, wanda ke bayan injin mota. Sai dai ba mota za a sa wa ba. Wani Abu Nayif yana haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a wani fili can arewa da gari, da injin rotari da ya ciro daga tsohuwar motar Japan. Yaya Yasir yana taya shi tun bara, shi kuma ya yi masa alkawarin kujerar baya. Fulawil ɗin ya yi wa jirgin nauyi. Suna so a rage shi ya koma rabi.

"Basiɗa ce, ya Sidi," in ji Yaya Yasir, wato abu ne mai sauƙi; Sidi kuwa haka yake kiran Kaka. Hausarsa takan ƙare a tsakiyar magana, Larabci ya ƙarasa. "Ka ɗora, ka fere bayan, halas, shi ke nan. Ga awon a waya."

Kaka bai kalli wayar ba. Ya ƙwanƙwasa faifan da sifana, ya saurari ƙarar, sannan ya dube su.

"Sannu, ya muhandis, babban injiniya. Da kai da mai sayar da caja. In basiɗa ce me ya kawo ku wurin tsoho? Ga wuƙar Ummarka can a kicin, ku fere abinku."

Umma ta fito tana goge hannu da gefen mayafi. Ta san zancen jirgin, kuma tun ran da ta ji bacci ya ƙaurace mata.

"Baba, don Allah kada ka taɓa musu. In babu wannan abin ba za su tashi ba."

"In na ƙi, gobe suna Sina'iyya, unguwar makanikai. Can akwai wanda in ka biya shi zai fere maka ƙafar uwarsa. Ki bari in ji haukar tasu tukuna."

Ya jawo kujerarsa, ya ce su zauna a ƙasa. Suka zauna, Mu'utaz yana tattare farar rigarsa kada mai ya taɓa.

"Fulawil na farko da na taɓa," in ji Kaka, "na wata bas ce ta alhazai, ana gab da hawan Arfa. Kuloci ya ƙona fuskarsa, duk ta yi shuɗi, ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Lokacin ina wurin Usta Salim, mutumin Hadramaut, mai ido ɗaya da baki bakwai. Kada ku ɗauka ni na yanka. Ni riƙe fitila na yi. Kafin ya bar ni in taɓa hannun injin sai da gemu ya fito min. Aikina shara da wasa ƙalam. Wuƙar yankan ce ake ce wa ƙalam, ya muhandis, ba wanda ake rubutu da shi ba. In wasa in kai masa, ya shafa da babban yatsa, ya jefar a ƙasa. Ba ya cewa ga inda na ɓata. In ɗauka in koma dutse. Ran da ya karɓa bai jefar ba, bai ce na iya ba, sai ya miƙo min wani. Ku kuwa kun kalli bidiyo a ɗaki mai sanyi, kun zo kuna ce min basiɗa."

Mu'utaz ya yi dariya, ya ce ai yanzu kwamfuta ke yanka, Ammu, wato baffa.

"To ka kai wa kwamfutar. Ka tambaye ta wane irin ƙarfe ne wannan."

Kaka ya karce bayan faifan da fayil, garin da ya zubo baƙi ne kamar toka, ya shafa wa Mu'utaz a bayan hannu.

"Zahar ne. Ƙarfen zubi. Yana da ƙarfi in yana da kauri, in ya yi siriri kuwa faranti ne na tangaran. Ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi. Akwai wasu samari masu wasa da mota a titin bayan gari da suka taɓa kawo min irin wannan, wai in sirantar da shi don motar ta riƙa zabura. Na kore su. Suka samu wani a ƙarshen layinmu ya yi musu. Ba a yi wata ba aka jawo motar. Faifan ya fashe ya huda gidan giya, ya huda ƙasan motar, wani yanki ya fita ta rufi. Direban yana nan da rai, ina ganinsa a masallacin Juma'a, a kan kujera yake salla. Wancan a ƙasa ne, akwai inda za a tsaya. Ku a sama ina za ku faka?"

Umma ta koma kicin. Na ji ta ajiye tukunya da ƙarfi.

Sai a nan Kaka ya karɓi wayar. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya sa Yaya Yasir ya buɗa masa zanen. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na ƙasa a ture.

"Wannan na motar tsere ne. Dubi inda ya cire ƙarfen, duk a baki. Mai tsere so yake injin ya zabura. Ku me kuke so? Nauyi kuke son ragewa ko juyi? Ƙarfen da ke baki shi ke riƙe juyin, shi ke hana inji fizgar giyar farfela kamar jaki mai tutsu. Na tsakiya kaya ne kawai. A tsakiya ake ragewa, a bar baki. Kuma dubi nan, inda siririn ya haɗu da mai kauri, ya zana kusurwa tsaye kamar gefen akwati. Daga nan tsaga ke farawa. Lanƙwasa ake yi, mai laushi, wadda yatsa zai bi bai ji kaifi ba. Wanda ya zana wannan bai taɓa share ɓarɓashi ba."

Ya ce ba zai fere tsohon ba. Sabo zai yanka daga farantin ƙarfe mai kyau, wanda ba na zubi ba. Faɗin zai bi na tsohon daidai, don haƙoran su haɗu da sitata. Ya aiki Mu'utaz neman faranti da zobe mai haƙora, ya ce in ya kawo mai tsatsa a kansa zai kife shi.

Kafin su tafi Yaya Yasir ya ce a bar shi ya gwada injin, ai ya ga yadda ake yi. Kaka ya ba shi guntun ƙarfe, ya koma gefe ya naɗe hannu. Yaya ya ɗaure ƙarfen, ya kai hannu zai kunna. Kaka ya buge hannun. Makullin ɗaurewar yana nan a soke a bakin injin.

"Da ka kunna, wannan makullin a goshin ƙanwarka zai sauka. Cire."

Ya cire, ya kunna, ya tura wuƙar. Injin ya yi wani ƙugi mai sa haƙori tsami, ƙarfen ya fito da zane-zane kamar an ja tsintsiya a kan yashi. Kaka ya ɗaga shi ya nuna wa Mu'utaz, ya nuna min, ya leƙa kicin ya nuna wa Umma, sannan ya ajiye shi a kan tankin ruwa inda kowa zai riƙa gani.

Washegari suka dawo da faranti. Kaka ya shimfiɗa wasu ƙarafa biyu masu kaifi a jere, ya zura sanda a tsakiyar tsohon fulawil ɗin ya ɗora a kai. Haka yake gwada ko faifai ya daidaita: in ya daidaita, duk inda ka tsayar da shi nan zai tsaya. Wannan kuwa yana saki ya mirgina, gefe ɗaya ya faɗa ƙasa. Ya juya shi, ya sake mirginawa. A bayansa akwai wani tudu na ƙarfe a gefe guda, kamar rabin wata.

Kaka ya yi tsaki mai tsawo.

"Su ke nan mutanen Japan ɗin da ake ta yabo. Sun zuba ƙarfe ya taru a gefe, suka sayar a haka. Wani direban tanka ya taɓa kawo min fulawil da bai kai rabin wannan karkata ba, ya ce motar tana karkaɗa masa ƙoda. Kwana na yi ina huda ƙananan ramuka a gefen mai nauyi, in huda in gwada, har ya tsaya cak. Tun da na fara aikin nan ban taɓa sakin faifai mai gefe ba. Namu zai fito sumul, babu wannan ƙari."

Ya ɗauki alli ya zana gicciye a kan tudun.

"La', ya Sidi," in ji Yaya Yasir. "Wannan da gangan ne."

"Da gangan suka ɓata?"

"Injin ne ke son sa. In babu shi jijjiga zai yi har ya tsinke kusoshi."

"Kai yaro, ni za ka koya wa daidaita faifai? Ina wannan aikin uwarka ba ta yi haƙori ba."

Yaya Yasir ya fara bayani, Hausa ta ƙare, Larabci ma ya ƙare. Ya fita waje. Na ji ya buɗe but ɗin mota. Ya dawo rungume da wani ƙarfe mai kusurwa uku, ƙato kamar burodin tamis, da wata sanda mai ƙusumbi biyu, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Ya ce wannan injin babu fistin a cikinsa. Masu kusurwa ukun nan guda biyu ne, su ke yawo a kan ƙusumbin. Akwai nauyi ɗaya a gaban injin, ɗaya a baya, su ke hana shi rawa. Na bayan shi ne tudun.

Kaka ya karɓi sandar. Ya juya ta a hankali a kan gwiwarsa. Ya zura mai kusurwa ukun a ƙusumbi ɗaya, ya juya, ya tsaya, ya sake juyawa. Na lura babban yatsansa yana bin gefen ƙusumbin yana dawowa. Yana nan a kai har aka kira magariba. Da ya tashi sai ya tofa yawu a yatsa ya goge gicciyen allin.

"Kana da wannan a but tun jiya, ka bar ni ina ta zuba? Wane irin almajirin aiki ne zai kawo faifai ya bar injin a mota? Usta Salim da ya kore ka."

Yaya Yasir ya buɗe baki, Mu'utaz ya taka masa ƙafa.

Aka tsaya a kan cewa za a nemo nauyin daban. Irin motar mai giyar otomatik nata a ware yake, ana ɗaure faifai a jikinsa da kusoshi. Sai da suka yi ta zarya wurin masu sayar da kayan matattun motoci, don Yaya ya ce dole ya zama na injin shekara ɗaya da nasu. Kaka ya ce wannan karon ya yarda da shi, ba don ya iya ba, don dai ya riga ya ga injin da idonsa.

Yankan ya ɗauki kwanaki. Da safe yake yi, kafin ƙarfe ya ɗauki zafin rana, don ya ce awon safe da na azahar ba ɗaya ba ne. Ran Asabar da babu makaranta na ga yadda ɓarɓashin ke fita, dogo, a murɗe, da farko fari, in ya tura da yawa ya koma ruwan zuma. Yakan tsaya ya auna, ya goge ma'aunin da gefen riga, ya sake aunawa a wani wurin. Yaya Yasir yana tsaye da tsintsiya, don ita kaɗai aka ba shi.

"Gadon injin nan da kake jingina," in ji Kaka, "ɗaga gwiwarka. Shekarar da ruwa ya ci unguwa, laka ta kai min ƙirji a warsha. Da ta janye, injin ya yi ja kamar an shafa masa lalle. Kafilina, ubangidan da ke riƙe da takarduna, ya zo ya leƙa daga bakin ƙofa, yana riƙe da hanci, ya ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a kilo. Masu kawo min aiki duk suka koma wani layi, har wanda na yi wa gyara ranar Idi. Na kwance injin nan gaba ɗaya. Gadon da hannu na kankare shi, in shafa shuɗi, in ɗora ma'auni, in kankare inda ya taɓa. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ina abu ɗaya. A lokacin famfunan ruwa na maƙwabta nake gyarawa da fayil mu ci abinci. Aikin farko da na yi bayan ya tashi, sandar farfelar kwalekwalen wani masunci ce. Ya biya ni da kifi, kifin ma ƙanana."

Ranar sa zoben haƙora ya sa Umma ta ba shi gawayin turarenta. Ya jera garwashi a da'ira, ya ɗora zoben, yana juya shi da filaya har ya fara canza launi kamar kara. Ya ɗauka ya saka a bakin faifan, ya faɗa da kansa, ƙwal. Da ya huce ko guduma ba ta motsa shi. Ya ce da can in talaka ya kawo zobe da haƙoran suka cinye, juya masa shi yake yi, gefen da bai ci ba ya fuskanci sitata, ya ƙara shekaru. Yanzu kuwa kowa sabo yake so, sabon ma na kwali.

Sabon faifan shi kaɗai, ba tare da nauyin ba, ya hau ƙarafan gwaji ya tsaya duk inda aka tsayar da shi. Yaya Yasir ya ɗaga shi da hannu ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka tafi gwaji. Umma ta ce sai ta ga abin da ido, don haka muka cika motar Mu'utaz. Filin katanga ce da rumfar kwano, iska tana kaɗa leda a jikin waya. Jirgin ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Fukafukansa kamar yadin tanti, kujerun kamar na mai aski. Injin yana baya a kan wasu bututun ƙarfe da aka haɗa da walda. Ba a ɗaura giya da farfela ba tukuna. Abu Nayif dattijo ne mai furfura a gemu, ya sumbaci Kaka a ka, ya kira shi Usta. Ya ce in injin ya yi lafiya yau, sati mai zuwa za su tashi. Umma ta kama hannuna ta matse.

Aka ɗaure faifan. Abu Nayif ya ce kowa ya koma bayan katangar rumfa, kada a tsaya a gefen fulawil, in wani abu ya fashe ta nan yake fita. Kowa ya koma. Kaka ya taka ya tsaya daidai gefen, taku ɗaya tsakaninsa da haƙoran.

"Ya Usta, ta nan ne fa hatsarin," in ji Abu Nayif.

"Na sani. A warshar da na koya, wanda ya yanka shi ke tsayawa nan ran da aka fara kunnawa. In bai yarda ya tsaya ba, a jefar da aikin. Yalla, kunna."

"Baba!" in ji Umma.

Bai waiwayo ba. Abu Nayif ya ɗaga kafaɗa, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ƙarar ba irin ta mota ba ce, siririya ce mai huda kunne. Haƙoran suka ɓace, faifan ya zama kamar ba ya motsi. Iskarsa tana kaɗa gaban rigar Kaka. Ya yi alama a ƙara wuta, aka ƙara. Ya miƙa hannu ya dafa bututun da ke riƙe da injin don ya ji ko akwai rawa. Na ga ya gyaɗa kai. Sai kuma na ga yatsun sun tsaya a mahaɗar bututu biyu. Suka shafa, suka koma, suka gangara zuwa ta ƙasa. Ya sunkuya ya duba. Ya ɗaga hannu a kashe.

Yaya Yasir ya fito da gudu yana ihu, ya rungume Mu'utaz. Abu Nayif yana ta mashallah, ya ce ko kofin shayi aka ɗora ba zai zube ba.

"Wa ya yi waldar nan?" in ji Kaka.

Yaya ya saki Mu'utaz. "Ni ne, ya Sidi."

"Na ga alama. Kamar kaza ta bi ta kai da zawo. Zo ka sa farce a nan."

Ya sa. Farcen ya shige ƙarƙashin waldar.

"A sama ta kwanta, ba ta ci ƙarfen ba. Guda nawa ka yi irinta?"

Yaya ya dubi jirgin tun daga hanci har wutsiya. Abu Nayif ya durƙusa ya sa tabarau, ya daɗe a wurin, da ya miƙe fuskarsa ta canza.

Kaka ya ce a ba shi sifana. Ya kwance kusoshin faifan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a aljihu. Ƙarfen da sauran zafi, ya cire rawaninsa ya naɗe shi, ya saƙale a hammata.

"Sidi, ina za ka kai shi? Ba ya tashi in babu shi!"

"Shi ya sa. Ba zan ɗaura aikina a kan wannan ƙazanta ba. Ku kwance gindin injin ku kawo min gida. In na gama da shi ku kawo ƙafafun jirgin. Kai kuma ka nemi guntayen bututu, ka yi ta walda ina karyawa, har ran da na kasa."

"Wannan ai sai shekara!"

"Kana da wurin zuwa ne a saman?"

Ya wuce mota ya zauna a gaba, faifan a kan cinya. Umma ta saki hannuna. Wurin da ta riƙe ya yi fari, sai a hankali jini ya dawo.

Yanzu gindin injin yana tsakar gidanmu, a jingine da tankin ruwa, Kaka ya zagaye kowace mahaɗa da alli. Guntayen bututun da ya karya sun kusa cika bokitin wanki. Jiya da yamma Yaya Yasir ya miƙa masa wani sabo da ya yi wa walda. Kaka ya ɗaure shi, ya buga da guduma, ya sake bugawa. Bututun ya lanƙwashe, waldar ba ta buɗe ba. Ya juya shi a hannu, ya jefa a bokitin.

"Sa'a ce," ya ce. "Yi wani."